Fasto ya ce sai na yafe wa ƙanin mijina kafin in ci jibi, amma har yau gonar marayu na hannunsa

Saƙon ya zo da tsawo, na ɗan rage shi, ga abin da 'yar'uwar ta rubuto:

"Mama barka da aiki. Shekara shida kenan da rasuwar mijina, ya bar ni da yara uku, mata biyu da ƙaramin namiji. Ko wata biyu ba a yi da jana'iza ba ƙaninsa ya zo ya kwashe takardun gona da babur da injin niƙa, wai kayan gidansu ne, in yaron ya girma za a ba shi. Babbar 'yata ta bar makaranta tana aji biyar na sakandare saboda ba kuɗi, yanzu ita ke taya ni suyar ƙosai. Watan da ya wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, sai aka kawo shi coci bayan an tashi sujada, gaban fasto da dattawa ya yi ta kuka wai in yafe masa. Ko da wasa bai ambaci gona ba. Na kasa buɗe baki. Fasto ya karanta min wurin da Yesu ya ce in ba mu yafe ba mu ma ba za a yafe mana ba, ya ce in je in yi tunani kafin jibin Ubangiji na gaba (cin gurasa da shan ƙoƙo a coci don tunawa da mutuwar Yesu). Tun daga ranar ban ƙara cin jibi ba, barci ma ya gagara. In na ce na yafe ƙarya nake, in kuma na ƙi ina tsoron wuta. Mama ya zan yi?"

'Yata sannu. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya miki yaran nan.

Bari in fara da wanda ba za ki so ji ba don mu wuce wurin. Fastonki bai yi miki ƙarya ba, ayar da ya karanta tana nan a Matiyu 6:14-15, kuma ba a ɓoye take ba, tana biye da addu'ar Ubangiji kai tsaye, addu'ar nan da kike yi duk Lahadi kina cewa a gafarta miki kamar yadda kike gafarta wa masu yi miki laifi. Babu wata ƙofar baya da zan nuna miki. Mai bin Yesu dole ya yafe, ko an roƙe shi ko ba a roƙe shi ba. Toh amma fa abin da aka yi miki a cocin nan rabin magana ne, an ɗauko rabin da ya hau kanki an bar rabin da ya hau kan ƙanin mijinki, shi ya sa kika kasa buɗe baki, kuma ni ban ga laifinki a shirun nan ba. Gara shirun da a ce kin yi ƙarya a gaban dattawa don kawai a tafa a tashi.

Ki buɗe Matiyu 18 daga aya 21. Bitrus ne ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Yesu ya ce masa bakwai har sau saba'in, sannan ya kawo misalin bawan nan da sarki ke bi bashin talanti 10,000. Mutane na karanta wurin da sauri ba sa tsayawa su yi lissafi. Dinari ɗaya a lokacin shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda, haka yake a Matiyu 20:2, talanti ɗaya kuma kusan dinari 6,000 ne, kinga kenan bashin bawan nan ya kai ladan aikin kwana miliyan 60, ko shi da jikokin jikokinsa za su taru su yi ta noma ba za su biya ba. Sarki ya yafe masa duka. Yana fita ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100. Abin da nake so ki lura da shi a nan, dinari 100 fa ba wasa ba ne, ladan aikin fiye da wata uku ne, kuma Yesu bai ce ba a ci bashin ba, bai ce bawan ƙarya yake ba. Bashi ne na gaske. Laifin bawan shi ne ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa, ya ƙi jin roƙo, ya sa aka jefa shi kurkuku, wato ya fi son ya ga mutumin yana shan azaba.

Shi ne zan tambaye ki, kuma ba sai kin ba ni amsa ba, ki ba kanki. Ranar da aka zo aka ce miki ɓarin jikinsa ya shanye, me kika ji a ranki? In har wani sanyi ya ɗan ratsa ki kika ce a zuci "Allah ya kama shi, kaɗan ma ya gani", toh wannan ne abin da Yesu ke cewa ki saki. Hannun nan da ke wuyansa. Son ki ga ya wulaƙanta, son 'ya'yansa su ma su ɗanɗana suyar ƙosai a bakin titi, zaman da kike yi da dare kina maimaita shari'ar a kai kina yanke masa hukunci. Romawa 12:19 ta ce kada mu rama da kanmu, ramuwa ta Allah ce. Yafewa kenan, ki ɗauki fayil ɗin ramuwar ki miƙa wa mai shi. Kuma wannan ba ya buƙatar fasto ko dattawa ko taron coci, ke kaɗai a ɗakinki a gaban Allah za ki iya yinsa yau da daddare.

Gona kuwa magana ce daban, kuma a nan ne raina ya ɓaci da na karanta saƙonki.

Gonar nan ba taki ba ce ke kaɗai balle a ce ki yafe ta. Haƙƙin marayu ne. Ko da kin tashi gobe zuciyarki fes kin ce kin bar masa komai, ba ki da hurumin kyautar da gadon yaron da ko sanin abin da ake ciki bai yi ba. Kuma Littafi Mai Tsarki bai yi wasa da wannan ba ko kaɗan. Fitowa 22:22-24 ta yi gargaɗi mai zafi a kan cutar gwauruwa da maraya, Allah ya ce in suka yi kuka gare shi lalle zai ji, fushinsa kuma zai yi ƙuna. Littafin Ƙidaya 5:6-7 ya ce wanda ya cuci wani ya hurta laifinsa, ya mayar da abin duka, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. In wani ya ce miki ai wannan Tsohon Alkawari ne, ki kai shi Luka 19 wurin Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ɗan gajeren nan da ya hau bishiya don ya hango Yesu. Da tuba ta shige shi bai tsaya kuka kawai ba, tashi ya yi tsaye ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan maganar ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Tuban da bai taɓa aljihu ba, ni dai ina da tambaya a kansa.

Akwai ma wata ayar da ake yawan juya ta a cocinmu, Matiyu 5:23-24, wadda ta ce in ka kawo baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ki karanta ta a hankali ki ga wa ake wa magana. Wanda ake da ƙara a kansa ne aka ce ya ajiye baiko ya tafi. Wato in akwai wanda ya kamata a ce ya dakata da zuwa teburin Ubangiji har sai ya gyara, ai wanda takardun gonar marayu ke ƙarƙashin katifarsa ne, ba matar da ta shekara shida tana hura wuta da asuba ba. Shekara shida yana shiga coci yana fita, yana ba da baikon godiya na kaka daga amfanin gonar nan watakila, ina dattawan suke a lokacin? Ba wai ina zagin fastonki ba ne, ina jin tausayin mara lafiya ne ya kama shi, kuma yana so a rabu lafiya kafin ta Allah ta kasance, niyya ce mai kyau. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a ikilisiyoyinmu ya fi sauƙi a matsa wa gwauruwa ta yi haƙuri da a dubi namiji mai dangi a ce masa mayar da abin da ka ƙwace. Ita ba ta da mai tsaya mata, kuma an san za ta ji tsoron Allah. Sai a kira wannan sulhu. Gyambon da aka ɗaure ba a wanke ba ruɓewa yake daga ciki, shekara goma nan gaba sai ki ga 'ya'yanki da nasa a gaban alƙali ko ma da adduna a bakin gona.

Yanzu maganar da kika yi cewa in kin ce kin yafe ƙarya kike. Na gane abin da kike nufi, kina jira ne sai ranar da za ki tuna shi ba ki ji zafi ba sannan ki san kin yafe. 'Yata in wannan kike jira za ki daɗe. Yafewa shawara ce da mutum ke yankewa, zuciya kuma daga baya take biyowa tana jan ƙafa, wani lokaci ma sai ta koma baya ki sake jawo ta. Ni a ganina bakwai sau saba'in ɗin nan ba lallai sai an yi miki laifi 490 ba, laifi ɗaya ma kina iya yafe shi yau, jibi ki ga 'yarki ta ƙone da mai a hannu abin ya dawo sabo, ki sake miƙa wa Allah. Kin san labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna? A rikicin 1992 suna gaba da juna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai suna yawo tare suna sulhunta mutane. Amma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ko bayan sun fara aiki tare sai da ya ɗauki shekaru zuciyarsa na raya masa ya cutar da abokin nasa. Fasto ne fa, mai wa'azi. Bai jira zafin ya tafi ba kafin ya fara tafiya a hanyar, a kan hanyar ne zafin ya ragu.

Ko Yusufu da muke ta misali da shi, yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai bayan sama da shekara 20 suka sake haɗuwa a Masar, kuma bai faɗa jikinsu ranar farko ba. Ya yi musu magana da zafi, ya tsare Saminu, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun Biliyaminu don ya ga ko har yanzu mutanen nan za su iya sayar da ƙaninsu su tsira. Yana shiga ɗaki yana kuka yana wanke fuska yana fitowa. Sai da Yahuza ya ce a riƙe shi a madadin yaron sannan Yusufu ya bayyana kansa. Ramuwa kam ya daɗe da ajiye ta, in ba haka ba da kalma ɗaya zai sa a gama da su, amma yarda sai da ya ga alamar canji. Haka Bulus a 2 Timoti 4:14-15, ya ce Iskandari maƙerin tagulla ya cuce shi ƙwarai, Ubangiji zai sāka masa, sannan ya ce wa Timoti kai ma ka yi hankali da shi. Kinga ya bar wa Allah hukunci amma bai ce a miƙa wa mutumin makullin gida ba. Don haka babu wanda zai tilasta miki ki koma zumunci irin na da, ki riƙa aika yara gidansa hutu, wannan sai a hankali in hali ya nuna.

Toh ga abin da nake ganin za ki yi, kuma kada ki ja lokaci, don mutumin nan ba shi da lafiya. In ya rasu takardun na hannunsa, 'ya'yansa za su taso su ce gonar babansu ce tun da a hannunsa suka gan ta, sai maganar ta fi haka wuya.

Ki fara da naki ɓangaren ke da Allah. Ki faɗa masa komai yadda yake, har da jin daɗin da kika ji da ciwon ya kama shi in kin ji, ba abin da zai ba Allah mamaki, ki duba Zabura 13 ko 109 ki ga irin maganganun da Dawuda ya yi a gabansa. Sannan ki ce na saki mutumin nan, ba na neman sharrinsa, ka taimake ni inda na kasa. Ki gwada yi masa addu'ar samun sauƙi ko da baki ne kawai ke faɗa da farko.

Bayan nan ki nemi shugabar zumuntar mata ko wata dattijuwa da ake jin maganarta, kada ki je ke kaɗai, ku sami fasto a gida ba a gaban jama'a ba. Ki yi magana da ladabi amma kada ki tauna ta. Ki ce Baba na yi tunani kamar yadda ka ce, na yafe masa tsakanina da Allah, ba na riƙe da shi da mugunta, amma gonar marayu tana hannunsa kuma ba ni da ikon yafe ta, ina roƙo ikilisiya ta taimake shi ya cika tubansa. Ki lura da kalmar, taimakonsa za a yi, don mutumin da ke kwance yana tunanin haɗuwa da Mahaliccinsa babu gatan da za a yi masa da ya wuce a ce masa sauke kayan marayu tun kana numfashi. Luka 17:3 ma cewa ta yi in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa, tsawatarwar tana cikin ƙauna. Watakila ma shi kansa yana so ya mayar, kunya ce ko tsoron matarsa da 'ya'yansa ya hana shi ambata, sai wani babba ya buɗe masa hanya.

In ya amince, kada a tsaya a baki. A zauna da dattawan coci da manyan dangin mijinki da mai unguwa ko dagaci, a karɓo takardun, a rubuta yarjejeniya da sunayen yaran duka uku, matan ma a ciki, shi ya sa hannu ko ya dangwala, babban ɗansa ya sa hannu a matsayin shaida, a je gonar a nuna iyaka ido da ido, ki yi hoton takardar a waya ki ajiye kwafi a wurin wanda kika yarda da shi. Na ce har matan don kada a sake kawo miki zancen wai sai namiji. A Ƙidaya 27 'ya'yan Zelofehad mata biyar suka tsaya gaban Musa suka nemi gadon ubansu, Allah ya ce gaskiyarsu ne a ba su. Dokar ƙasa ma tana bayanki, a 2014 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukunci a shari'ar Ukeje cewa al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki, a shekarar ce kuma a shari'ar Anekwe da Nweke ta yi watsi da al'adar da ke korar gwauruwa daga dukiyar mijinta. A kan al'adar Ibo shari'o'in suka taso amma hukuncin Kotun Ƙoli ne.

Babur da injin niƙa kam, bayan shekara shida ina zaton sun zama tarihi, ga kuma amfanin gonar da ya ci duk shekarun nan. A nan ne kike da filin yin alheri in kin ga dama. Mutum yana kwance, kuɗin magani na cin gidansa, in kika ce kason da ya shafe ki a cikin waɗannan kin bar masa, wannan kyauta ce ta gaske da ta fito daga hannun mai ikon bayarwa, kuma Allah yana ganinta. Amma ke za ki yanke, ba a matsa miki a gaban taro ba.

In kuma ya ƙi, ko danginsa suka taso, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa matakai, daga ku biyu, zuwa shaidu, zuwa ikilisiya. Na san za a jawo miki 1 Korantiyawa 6 a ce mai bi ba ya kai mai bi kotu, kuma gaskiya ne Bulus ya so a gama irin wannan a cikin gida, amma ai abin da yake faɗa wa ikilisiyar shi ne kunya ce a ce babu mai hikima ko ɗaya a cikinku da zai raba gardama, a aya ta 8 kuma ya juya kan masu cutar 'yan'uwansu. In ikilisiya ta yi nata aikin ba mai zuwa kotu. In ta kasa, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar Legal Aid Council da ke taimakon marasa ƙarfi, ki nemi ofishinsu a babban birnin jiharku. Kina iya neman haƙƙin marayu a can zuciyarki ba ƙiyayya, gwauruwar Luka 18 da ta dami alƙali da zirga-zirga har ya bi mata haƙƙinta ai Yesu yabonta ya yi.

Jibi kuma ki koma ki ci. 1 Korantiyawa 11:28 cewa ta yi kowa ya gwada kansa sannan ya ci, ba ta ce sai wanda zuciyarsa ta daina ciwo ba. Wadda ta hana kanta barci don tsoron kada ta yi wa Allah ƙarya ba ita ce mai taurin zuciyar da ake gargaɗi a kai ba.

Sai babbar 'yarki. Ita ce ta fi kowa biyan kuɗin abin nan, kuma ina tabbatar miki tana kallon duk abin da ke faruwa. Kada ki tilasta mata ta je ta durƙusa ta ce ta yafe wa baffanta don ke kin yafe, nata lokacin daban, ki dai bar zaginsa a gabansu. In gonar ta dawo, ko haya kika ba da ita a daminar farko, kuɗin farko ki cire ki yi mata rajistar jarabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ana yi duk shekara kuma ba sai ta koma aji ba, ki nemi wani malami a cocinku ya riƙa duba ta da yamma bayan an sauke kaskon ƙosai.